Katin Kenny Washington na 1948: abin da mai sayarwa ya faɗa da abin da ya bari

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa mazaunin jihar Ohio a Amurka. Ya ce ya je wata kasuwar baje kolin katunan 'yan wasa, sai wani dattijo ya nuna masa katin Kenny Washington na kamfanin Leaf, bugun 1948, ya ce masa wannan ne baƙar fata na farko da ya taɓa buga gasar NFL. Katin ba a tantance shi ba, wato ba a kai shi kamfanin da ke tabbatar da ingancin kati ya ba shi maki ba, a cikin 'yar leda kawai yake. Yana son sanin ko maganar gaskiya ce, ko ya dace ya saya, kuma idan mutum yana son tara katunan da suka shafi shigar baƙaƙen fata cikin wannan wasa, daga ina zai fara.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin na daɗe ina tara tsofaffin katunan wannan wasa, kuma ɓangaren da ya fi cinye mini lokaci da kuɗi shi ne wannan da ka tambaya. Bari in share fage saboda masu karatu na gida. Abin da Amurkawa ke kira futbol ba tamaular da muka sani ba ce, zari-rugarsu ce, wadda ake rungumar ƙwallo a guje ana bangazar juna, kowa da hular kwano. NFL ita ce babbar gasar ƙwararrunta. Katin kuwa ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, hoton ɗan wasa a gaba, ɗan bayaninsa a baya. Kamfanonin cingam ne ke cusa shi cikin fakiti don yara su dami iyayensu da a saya. Ka riƙe wannan magana ta cingam, a kanta zancen ya rataya.

Dattijon bai yi maka ƙarya tsagwaronta ba, ya dai yanko labarin ne daga tsakiya. Lokacin da aka kafa gasar a garin Canton, nan jiharku ta Ohio, a 1920, akwai baƙaƙen fata biyu a cikinta, Fritz Pollard da Bobby Marshall. Pollard ya ci kofin shekarar farko da ƙungiyar Akron Pros, kuma a 1921 har kocin ƙungiyar ya zama tare da wani. Bayansu an yi Duke Slater, wanda ya buga daga 1922 zuwa 1931, daga baya ya zama alƙali a Chicago. An yi Paul Robeson, wanda duniya ta fi sani da waƙa da gwagwarmaya. Dukkansu ba su wuce goma sha 'yan kai ba, amma dai suna nan. Na ƙarshe su ne Joe Lillard na Chicago Cardinals da Ray Kemp na Pittsburgh, a 1933. Daga 1934 zuwa 1945, kaka 12 cur, ba a sake ganin baƙin mutum ko ɗaya a filin NFL ba. Babu wata doka a rubuce, kuma masu ƙungiyoyin sun yi ta musanta cewa akwai wata yarjejeniya. Sai dai galibin masu binciken tarihin wasan suna ɗora babban kaso na laifin a kan George Preston Marshall, wanda ya samu ƙungiya a Boston a 1932, ya mayar da ita Washington a 1937. To daidai maganar ita ce: Kenny Washington ne baƙar fata na farko da ya sa hannu a NFL bayan an rufe ƙofa an sake buɗewa. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, amma ba shi ne abin da aka gaya maka ba.

Yanzu ka dubi yadda tarihin kati ya faɗa a kan wannan. Jerin katunan ƙwararru na farko da aka rarraba ko'ina a ƙasar shi ne na kamfanin National Chicle a 1935, kati 36, kodayake a bayansu an yi alkawarin 240. A cikinsu ne katin Bronko Nagurski, shahararren ɗan wasan Chicago Bears, yake, lamba 34, wanda masu tara tsofaffin katuna ke ɗauka tamkar sarkinsu. Shekarar 1935 kuwa ita ce shekara ta biyu da rufe ƙofa. Saboda haka duk yaron da ya buɗe fakitin cingam a lokacin, abin da kwalin ya koya masa shi ne wannan wasa na farar fata ne tun fil'azal. Pollard da Slater sun yi zamaninsu sun gama kafin kamfanonin cingam su waiwayo, Lillard da Kemp kuma an kore su ana saura ƙiris. Wannan ne ya sa nake gaya wa duk mai sabon shiga cewa kati mugun shaida ne idan shi kaɗai za ka saurara. Ba ya gaya maka ranar da aka fara adalci, ranar da mai cingam ya hango riba yake gaya maka.

Yadda ƙofar ta sake buɗewa ma ba don zuciyar masu ƙungiyoyi ta yi laushi ba ne. Ƙungiyar Rams ta ci kofin 1945 a Cleveland, sai mai ita ya kwashe ta zuwa Los Angeles, yana son ya riƙa wasa a babban filin nan na Coliseum. Filin na gwamnati ne, da harajin jama'a aka gina shi, har da na baƙaƙen fata. A zaman hukumar filin cikin Janairun 1946, wani ɗan jarida baƙar fata mai suna Halley Harding ya miƙe ya tambayi yadda za a ba da hayar filin kowa da kowa ga gasar da ta hana wasu 'yan ƙasa shiga. Rams ta ga ba makawa. Ranar 21 ga Maris 1946 ta ɗauki Kenny Washington, bayan 'yan makonni ta ƙara da Woody Strode. Su biyun nan, tare da Jackie Robinson, wanda daga baya ya karya shingen wariya a babbar gasar wasan besbol, ƙungiya ɗaya suka buga wa a jami'ar UCLA a 1939, kuma a wannan shekara Washington ne ya fi kowane ɗan jami'a a Amurka tara yadi, na gudu da na jifa a haɗe. Da farar fata ne da an yi rububinsa. Shi kuwa sai ya ƙare a wata ƙaramar ƙungiya, Hollywood Bears, ya kuma yi aikin ɗan sanda. Ranar da Rams ta ɗauke shi yana da shekara 27, gwiwoyinsa sun sha tiyata. Ganiyarsa ta wuce a inda ba mai ɗaukar hoto.

A wannan shekarar dai, a nan Cleveland, koci Paul Brown ya ɗauki Bill Willis da Marion Motley a ƙungiyar Browns, wadda ke cikin wata sabuwar gasa, kishiyar NFL, mai suna AAFC. Shi ba wanda ya tilasta masa. Ya san Willis tun a jami'ar Ohio State, Motley kuma ya buga masa a sansanin sojan ruwa na Great Lakes lokacin yaƙi. Waɗannan huɗun su ne na 1946, shekara guda kafin Jackie Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers wasan besbol ranar 15 ga Afrilun 1947.

Ga inda abin yake ba ni haushi, kuma yake ba ni sha'awa. A 1946 da 1947 babu wani babban kamfani da ya buga katin zari-ruga. Tun bayan National Chicle shiru ake ji, sai 1948 da Bowman na Philadelphia da Leaf na Chicago suka fito a tare. Strode kaka ɗaya tak ya yi a Rams, 1946, daga nan ya tafi Kanada, ya ci kofin Grey, wato kofin gasar ƙasar, da ƙungiyar Calgary a 1948, ya kuma ƙare a harkar fim a Hollywood. Ke nan ba shi da katin cingam cikin rigar Rams daga wancan zamani, ko za ka kwana kana nema. Duk wanda ya nuna maka ya ce na lokacin ne, ka riƙe aljihunka. Willis kuwa ya yi kaka takwas a Browns, har 1953, ana jin tsoronsa saboda saurin da yake kutsawa tsakanin 'yan gaba, an shigar da shi zauren karrama gwanaye na Canton a 1977, amma Bowman ta buga jeri bayan jeri ba ta sa shi ba. Cikin mutum huɗu, biyu ba su da kati. Na ukun, Motley, sai 1950 ya samu. Washington kaɗai ya shiga jerin 1948, kuma ita ce shekararsa ta ƙarshe a fili. Katin da 'yan kasuwa ke kira katinsa na farko, a hakika hoton bankwana ne.

Zancen Motley yana bukatar adalci, domin na sha jin ana cewa wariya ce ta sa aka jinkirta katinsa. A nan kam ba ita ba ce. Jerin 1948 ba su ɗauki 'yan gasar AAFC ba baki ɗaya. Otto Graham, farar fata kuma tauraron Browns, shi ma sai 1950 ya samu nasa, lamba 45 a jerin Bowman, Motley kuma lamba 43. A shekarar ce Browns ta shigo NFL bayan ta lashe kofin AAFC sau huɗu a jere, ta kuma ci na NFL ɗin a zuwan farko, Motley ya fi kowa gudu da ƙwallo da yadi 810, yana da shekara 30. Wariyar da ya sha tana wani wajen ne. A Disambar 1946 da Browns za ta je wasa Miami, an bar shi da Willis a gida saboda barazanar kisa da kuma dokokin wariya na jihar Florida. A fili kuma ana tattaka musu hannu bayan an busa usur, alƙalan wasa suna kau da kai. Babu ɗaya daga cikin wannan da za ka karanta a bayan kwali. Bayan kwali tsayi ne da nauyi da jami'ar da mutum ya fito.

Mu dawo kan katin da aka nuna maka. Jerin Leaf na 1948 kati 98 ne, ya haɗa ƙwararru da 'yan jami'a, kuma Washington shi ne lamba 17. Hoto ne baƙi da fari aka shafa masa launi, bangon hoton launi ɗaya shar, sunan ɗan wasa a ƙasa. Kamfanin Leaf ba gwanin bugu ba ne. Za ka ga launi ya zame daga kan hoto, ko yankan ya karkace har gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ko tawada ta yi tabo. Saboda wannan sakaci ne ma jerin ya cika da bambance-bambance, kuma katin Washington kansa iri biyu ne, wani sunan da farin rubutu, wani da baƙi. Masu tarawa na gaske sukan nemi dukkan biyun. Lambobi daga 50 zuwa 98 su ne suka fi wuyar samu, nasa kuwa yana cikin rukunin farko, don haka kada a ce maka katin ba ya samuwa. Yana samuwa, mai tsabta ne ke da wuya. Na Bowman na shekarar, lamba 8 cikin kati 108, ya fi ƙanƙanta kuma baƙi da fari ne zalla. Ni a raina na Bowman ya fi kwanta mini, domin hoto ne na gaskiya ba a yi masa kwalliya ba, amma kasuwa ta fi son na Leaf saboda launi.

Batun ko ka saya, amsata ita ce kada ka yi cinikin biri a sama. Katin da ba a tantance ba ba lallai jabu ne ba, tsofaffi da yawa ba su yarda da kamfanonin tantancewa ba, kuma suna da dalilinsu. Amma nauyin bincike a kanka yake. Ka tafi da abin awo. Na Leaf faɗinsa inci 2 da 3/8, tsayinsa inci 2 da 7/8, na Bowman kuma inci 2 da 1/16 a faɗi, 2 da rabi a tsayi. Idan ya gaza sosai, an yi masa aski, wato an datse gefensa da reza don kusurwoyin da suka lanƙwashe su koma masu kaifi. Ka tafi da gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo. A katin asali hoton ɗigo-ɗigo ne a jere, amma baƙin rubutun baya tawada ce a cike. A na jabu, wanda aka kwafa da na'urar zamani, har rubutun za ka ga ya tarwatse zuwa ƙananan ɗigo masu launi. Idan kana da 'yar tocila mai hasken nan da ake duba takardun kuɗi da shi, haska masa. Takardar zamani tana ƙyalli shuɗi-shuɗi saboda sinadarin ƙara fari da ake sa mata, tsohon kwalin 1948 kuwa ba ya yi. Sannan ka shinshina. Ba wasa nake ba, kwalin da ya haura shekara 70 yana da warin tsohon littafi, wanda aka jiƙa da ruwan shayi don ya tsufa kuwa tabonsa bai ɗaya yake, ba irin tsufan hannun yara ba.

Na san zafin wannan da kaina. Shekarun baya na sayi katin Motley na 1950 a hannun wani mutum a irin wannan kasuwa. Kusurwoyinsa huɗu kamar yau aka buga shi, farashin kuma ya yi mini daɗi fiye da kima. Ban auna ba, ina ta murna na yi tsintuwa. Da na aika a tantance, sai ya dawo ba maki, da 'yar takarda cewa akwai alamar datsa. Da na ɗora shi a kan wani katin jerin, sai ga shi ya gaza da kamar kaurin farce a gefen dama, kuma gefen ya fi sauran haske da santsi, alamar sabon yanka. Katin na asali ne, amma darajarsa ta zube. Har yau yana wurina, shi nake nuna wa sababbin shiga. Araha ba ta ado, kuma tsohon katin da ya yi kyau fiye da shekarunsa, a tambaye shi inda ya kwana.

Kamfanonin tantancewa da aka fi yarda da su su ne PSA da SGC da Beckett. Suna duba daidaiton hoto a tsakiya da kusurwoyi da gefuna da fuskar kati, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin gidan roba mai lamba. Lambar kana iya bincikarta a shafinsu na intanet, kuma ka bincika ɗin, domin har gidan robar ana yin na jabu. Shawarata ga mai tara tarihi ita ce ya nemi mai maki 2 zuwa 4, wanda fuskar ɗan wasan ta fito sarai kuma ba a karya shi ta tsakiya ba. Tsakanin maki 4 da maki 8 farashi yana ninkawa sau da yawa, alhali tarihin da ke cikin kwalin ɗaya ne. Katin da yaro ya ɗaure da roba ya sa a aljihun wando a 1948 ni ya fi yi mini magana. Game da farashi, kada ka dubi abin da masu sayarwa suke nema, ka dubi abin da aka riga aka saya a 'yan watannin nan, a eBay ko a gwanjon manyan kamfanoni irin su Heritage. In dattijon ya yarda, ku yi sharaɗin cewa idan an tantance ya dawo ba maki zai mayar maka da kuɗinka. Mai gaskiya ba ya gudun wannan.

Za ka lura cewa katin Jackie Robinson na kamfanin Leaf ɗin nan, lamba 79 a jerin besbol, ya yi wa na Washington fintinkau a farashi, duk da cewa abokan karatu ne kuma Washington ya riga shi da shekara. Dalilan a fili suke. A wancan zamani besbol ce wasan ƙasa, zari-rugar ƙwararru kuwa ko ta jami'o'i ba ta kamo ba. Robinson ya yi kaka 10 yana haskakawa a New York, cibiyar jaridu, Washington kuwa kaka uku da gurguwar gwiwa, kodayake a 1947 ya yi wani gudu na yadi 92 da har yanzu ake tunawa da shi a tarihin Rams. Sannan Robinson shi kaɗai ne, labarinsa yana da sauƙin bayarwa, na 1946 kuwa ya rabu gida huɗu a gasa biyu. Kasuwar kati suna take saye, ba ta sayen wahala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga mai ƙaramin ƙarfi irinmu dai wannan rashin adalcin yana da amfani ɗaya, shi ne har yanzu hannu yana iya kaiwa.

Idan za ka ci gaba bayan Washington da Motley, ga waɗanda zan ce ka bi. A jerin Leaf ɗin 1948 akwai George Taliaferro yana ɗalibin jami'ar Indiana, wanda ya zama baƙar fata na farko da wata ƙungiyar NFL ta zaɓa, a zaɓen sababbin 'yan wasa na kakar 1949. Chicago Bears ce ta zaɓe shi, amma ya riga ya sa hannu a Los Angeles Dons ta AAFC. Sai Joe Perry na San Francisco a jerin Bowman na 1950, lamba 35. Sai Emlen Tunnell a na 1951, lamba 91, baƙar fata na farko a New York Giants kuma na farko da aka shigar zauren Canton, a 1967. Sai Ollie Matson a na 1952, wanda ƙungiyar jami'arsa ta San Francisco ba a ci ta ko sau ɗaya ba a 1951, amma ta zauna a gida ba ta je wasannin ƙarshen kaka ba, domin ba ta yarda ta bar shi da Burl Toler a baya ba. Wani kamfanin cingam ɗin, Topps, ya saye Bowman a 1956, kuma a jerinsa na 1958 ne katin Jim Brown ya fito, lamba 62, an rubuta masa Jimmy Brown. Wannan yana da tsada, kuma ka bar shi sai ƙarshe. Shi ne wurin da kasuwa ta fara gane cewa baƙin ɗan wasa yana sayar da cingam fiye da kowa.

Wanda na fi so a duk tarina shi ne na Ernie Davis, jerin Topps na 1962, lamba 36, saboda labarin da ke naɗe a cikinsa. Har zuwa 1961 ƙungiyar George Preston Marshall ta birnin Washington ba ta ɗauki baƙar fata ko ɗaya ba, shekara 15 bayan Rams da Browns. Mutumin ya gina kasuwarsa a kan jihohin kudu, inda gidajen rediyo da talabijin ke watsa wasanninsa, bai son ya ɓata musu rai. Abin da ya karya shi irin abin da ya karya Rams ne, wato fili. Sabon filin wasan birnin a kan ƙasar gwamnatin tarayya aka gina shi, sai Sakataren Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Kennedy, Stewart Udall, ya aika masa cewa ko ya ɗauki baƙar fata ko ya nemi wani filin. Ƙungiyar kuma ta yi kakar 1961 da nasara ɗaya, kashi 12, canjaras ɗaya, don haka ita ke da zaɓin farko. Ta zaɓi Davis na jami'ar Syracuse, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon 'yan jami'a, ta kuma musanya shi da Bobby Mitchell na Cleveland da wani ɗan wasan. Mitchell ya je Washington a 1962 ya fi kowa a gasar cafe ƙwallo, sau 72, yadi 1,384. Davis kuwa aka gano yana da sankarar jini kafin a fara kaka, ya rasu a Mayun 1963 yana da shekara 23, bai buga wa Browns ko wasa ɗaya ba. Katin yana nuna shi a matsayin ɗan Browns, aikin da bai taɓa yi ba. Jerin na 1962 gefensa baƙi ne, ko ƙwarzane kaɗan sai fari ya fito, kuma na Davis yana cikin waɗanda aka buga kaɗan. Ka haɗa shi da na Mitchell na 1959, wanda yake cikin rigar Cleveland, ka ajiye su gefe da gefe.

Akwai wariya ta biyu da ta daɗe fiye da ta farko, ita ce ta matsayi. An yarda baƙar fata ya yi gudu ya yi karo, amma ba a yarda ya zama kwatabak ba, wato jagoran da ke jefa ƙwallo yana ba da umarni. A nan bayan kati yana da amfani, domin yana rubuta matsayin kowa, kuma in ka jera katunan shekarun 1950 da 1960 za ka ga gurbin da idonka. Marlin Briscoe ya jagoranci Denver a 1968, ya jefa ƙwallayen ci 14, amma a kaka ta gaba sai a Buffalo ya samu wuri, a matsayin mai cafewa. Doug Williams, ɗan jami'ar Grambling ta baƙaƙen fata, shi ne kwatabak ɗin da ya ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, ranar 31 ga Janairun 1988, ya lallasa Denver da ci 42 da 10, kuma ƙungiyar da ya ci wa ita ce ta Washington, tsohuwar ƙungiyar Marshall. Katinsa na farko na Topps ne, 1979, cikin rigar Tampa Bay, kuma ba shi da tsada sam.

Ga Pollard da Slater da Strode da Willis kuwa, zaɓi biyu gare ka. Akwai katunan tunawa da aka buga shekaru da yawa bayan sun daina wasa, masu araha, ba laifi ka saye su muddin ka san ba na zamaninsu ba ne. Ko kuma ka nemi abin da zamanin ya bari da gaske: ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofar fili ranar wasa, tikitin shiga, hoton kamfanin dillancin labarai mai hatimi da kwanan wata a baya, ko shafin jaridun baƙaƙen fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, waɗanda su ne suka riƙa bin labarin lokacin da sauran jaridu suka yi gum. Ɗan littafin wasan Browns na 1946 mai ɗauke da sunan Willis da Motley a jerin 'yan wasa ya girmi duk wani kati nasu, kuma tunda a Ohio kake, ka fi kowa kusa da inda irinsu ke fitowa, wato gwanjon kayan gidajen tsofaffi. A kundina ni na bar aljihun Strode da na Willis fanko a shafin 1948, na sa 'yar takarda da sunansu da shekarunsu.

In ka koma wurin dattijon, ka fara da awo kafin ka tambayi farashi, kuma ka duba ko sunan da farin rubutu ne ko da baƙi. Ka ɗauki hoton gaba da baya a cikin hasken rana, ba hasken fitilar rumfa ba, ka turo mini in duba maka kafin ka biya.